Jan Bargon Honora Quilty

Duk wanda ya tashi a kwarinmu ya san labarin Malachy Dunphy, ɗan fashin da ya tare keken dokin zinariya sau bakwai ba tare da ya kashe ko ƙuda ba. An ce 'yan sandan doki sun harbe shi a bakin kogi, ruwa ya tafi da gawar. Honora Quilty takan ji wannan hirar a kanti, ta gyaɗa kai, ta sayi ganyen shayinta, ta koma gida ta dafa wa gawar abinci.

Ai mutumin bai mutu ba. Suna ya sake, ya zama Tom Quilty mijinta, makiyayin tumaki a kan tudu, ga sanƙo ga surutu.

Tun tana budurwa mai wankau suka yi yarjejeniya. In baƙo ya iso gidan, sai ta shanya jan bargo a igiya. Shi kuma in ya hango daga tudu, ya san ba a saukowa. Shekara talatin da takwas ba ta fasa ba, don hukuncin rataya ba ya tsufa. Shi ya sa bargon bai taɓa shan rana don bushewa kawai ba. In ta wanke shi, gaban murhu take baza shi, ɗaki ya cika da warin jiƙaƙƙen ulu.

"Ke tsohuwa, wa zai neme ni yanzu?" in ji Tom. "Ko karen gidan nan ya raina ni."

"Bakinka nake tsoro. Wa ya gaya wa mai tallan tukwane wai sau tara ne, ba bakwai ba?"

"To ai tara ne."

"Sha shayinka."

Haka suka yi zamansu cikin rufin asiri, da 'ya'ya huɗu da bishiyar tuffa a bayan gida. Akwai lokacin da zuwan wani ɗan jarida mai bin labarin Dunphy ya sa ta bar Tom kwana biyu a kan tudu ana ruwa. Ya sauko yana atishawa, tambayarsa ta farko ita ce ko an rubuta cewa shi kyakkyawa ne.

A kan gadonsa ya rasu, limamin coci ya binne shi da sunan Tom Quilty. Honora ta yi kuka, amma har ga Allah ranta fari: ta riƙe shi, gwamnati ba ta samu ba.

Bayan mako guda ta wanke bargon, ta shanya shi a waje, ta zauna tana kallon yadda iska ke kaɗa shi. Da la'asar ta yi, lokacin saukowar tumaki, idonta ya kai kan tudu. Sai ta miƙe ta janye bargon daga igiya.

'Yarta Delia ta ce, "Inna, ai bai bushe ba."

"Na sani," in ji Honora. "Kar ya hango ya ƙi saukowa."