Tudun Gabas ko na Yamma

Da ciwon yayata ya yi nauyi, sai ta ɗora mini aiki: in je bayan tsohuwar ganuwa, wajen Bebeji, inda kakan babanmu ya faɗi a yaƙin basasar Kano, in yi masa addu'a. Ta ce yana ta zuwa mata a mafarki, ba za ta samu sukuni ba sai an je.

"Yaya, ni kika ga malami? Allona ma gara ce ta sauke shi."

"Tashi, Auta. Bakin da ke cika kasuwa ba zai kasa Fatiha ba."

Daga Kwanar Dangora na hau acaɓa, gwiwa na ƙara. Ina ta zaton zan ga takubba. Ashe tudu biyu ne kawai a tsakiyar gonar dawa, ciyawa ta rufe su, da kwari a tsakaninsu. Mai gonar ya ce tun kakanninsa garma ba ta taɓa hawa kansu ba. Na gabas mutanen gari ne, na yamma waɗanda suka kawo hari. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai ya tambaya:

"Naku na wane ɓangare ne, Baba?"

Nan fa ɗaya. A majalisa na sha ba da labarin jarumtar mutumin nan har da kalar dokinsa, amma ban taɓa tambayar wa ya yi wa yaƙi ba. Na hau na gabas, na ɗaga hannu, sai na ji kamar ana hararata daga yamma. Na gangara, na haura, ƙarangiya ta cika mini wando. Can ma na kasa tsayuwa. Mai gona ya jingina da fartanya yana kallona kamar akuyar da ta ɓata.

Da na gaji, na karanta ɗan abin da na iya a nan, na sake tsallakawa na maimaita a can, ban rage wa kowa ba.

Duk hanya ina shirya abin da zan ce mata. Na tarar da ita a kwance, ido biyu.

"Wanne ka hau?"

"Duka biyun, Yaya. Ban san nasa ba."

Na fara neman takalmina.

"To ƙaninsa ma ya samu," in ji ta. "Shi ta ɗaya ɓangaren ya bi, can ya faɗi, shi ya sa ba a ambatonsa a gida."

Ta juya, ta ce in sakar mata labule.