Inji Ya Tafi Gwangwan

A ƙauyenmu, can gefen garin Turawa ta ƙasar Karaye, ba da sunan mahaifinmu ake kwatancen gidanmu ba. Gidan inji ake cewa. Tun kafin a haife ni Baba ya kafa injin niƙa a rumfar ƙofar gida, baƙi ƙirin, mai shan man gas, wanda in ya tashi da hantsi har kajin maƙwabta sai sun watse. Da handul ake tayar da shi, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa a yi ta juyawa har sai gumi ya karyo. Ranar da ciwon baya ya hana Baba juyawa, ni ya miƙa wa handul ɗin, ya ce, "Ungo, kada ka bar shi ya yi sanyi." Iyakar wasiyyar da ya bar mini ke nan, kuma na riƙe ta hannu bibbiyu.

Mu biyu ne maza, ni da ƙanena. Tun muna yara kwano ɗaya Inna take zuba mana tuwo, ko da muka yi aure ba a daina ba. A kawo zaure, mu wanke hannu, mu ci muna gardama a kan wanda ya fi loma. Shi ya yi boko a Karaye, bakinsa da daɗi. Ni kuwa zuciya gare ni, kowa ya sani, ko bel ɗin inji ne ya tsinke sai na yi masa masifa.

Da man gas ya yi tsadar da ya yi, sai muka koma yi wa gidan mai bauta. Mata su kawo masara da dawa, in faɗi kuɗin niƙa, su yi tsaki su ɗauki kwanonsu su koma ga turmi. Nan ƙanena ya zo da zancen sola: faifai a kan rufi, ƙaramin inji mai aiki da wuta, babu mai, babu hayaƙi. Ban yi musu ba, don ni ma na gaji. Sharaɗi ɗaya na kafa, a gaban Inna.

"Injin Baba yana nan inda yake. Ko ba ya niƙa, zan riƙa tayar da shi ranar Juma'a ya motsa jini."

"Haba Yaya," in ji shi, har da dafa ƙirji, "wa zai taɓa injin Baba?"

Aka kafa sola, kuma gaskiya ɗaya ce, ta yi aiki. Matsalarta damina: da hadari ya haɗo sai ta yi lakwas, ƙanena ya yi ta mitar a ƙaro batura. Ana cikin haka surukina ya kwanta rashin lafiya a Karaye, na tafi jinya na kwana biyu. Da na dawo, ko babur ban kashe ba na hango rumfa ta yi fili. Babu inji. Sai kusoshin da suka riƙe shi a siminti, da tabon baƙin mai.

"Ina inji?" na tambayi ƙanena.

Idonsa a kan waya ya ce, "Ai Yaya, inji ya tafi gwangwan."

Sai hankalina ya kwanta. Kawunmu, ƙanin Inna, bakanike ne a garin Gwangwan ta ƙasar Rogo, kuma tun zamanin Baba shi yake duba injin in ya yi gardama. Na ce, "Wajen Kawu ke nan?" Ya ce rumfar ce ta yi kaɗan, ga sababbin batura ana neman wurin ajiyewa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuma sarkin wauta har godiya na yi masa, na ce ya kyauta da ya tuna a gyara shi. Wannan godiyar har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni.

Bayan an cire gyaɗa sai na ce, to, yaya Kawu zai gwada inji ba handul? Yana ɗakina a rataye. Na ɗaure shi a bayan babur, na kama hanyar Rogo, har da tsarabar gyaɗa.

Muka gaisa da Kawu, ya gida, ya Inna, ya mai jiki, ya aka ji da damina. Sannan na kwance handul na ajiye a gabansa, na ce na kawo ne ya ji daɗin aiki.

"Wane aiki, ɗana?"

Na faɗa masa yadda muka yi da ƙanena. Ya dube ni, ya dubi handul, ya ce, "Gwangwan garinmu ya ce maka, ko kuwa gwangwan?" Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya haɗiye ta. A nan na gane. 'Yan gwangwan yake nufi, masu yawo da sikeli suna sayen tsohon ƙarfe, su farfasa da guduma su loda a mota. Injin da ya ciyar da mu, a kilo aka auna shi.

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da ƙanena a rumfa yana goge batura.

"Ni fa ban yi maka ƙarya ba, Yaya," ya ce. "Gwangwan na ce."

Da ƙarya ya yi mini da ta fi sauƙi. Zama ya yi ya zaɓo kalmar da ya san zan ji ta bai-bai, ya bar ni na yi ta murna. Na wuce wurin Inna in kai ƙara kamar ƙaramin yaro. Ba ta ɗago daga tsintar wake ba.

"Na sani," ta ce. "Ni na ce a bari sai ba ka nan. Na san zuciyarka."

Ashe ba mutum ɗaya ne ya ci amanata ba.

Yanzu mata sun dawo, layin kwanoni har bakin masallaci. Ni nake danna makunni kullum da hantsi, inji ya tashi shiru, kaji ma ba sa kulawa. Ba ni da abin da zan ce da sola. Handul yana nan a ƙusarsa, ranar Juma'a nakan sauke shi in goge.

A yammacin da na dawo daga Gwangwan an kawo tuwo zaure kamar kullum. Ƙanena ya wanke hannu ya ce, "Bismillah, Yaya." Na dubi kwanon, hannuna ya ƙi miƙuwa. Washegari sai ga kwano biyu daga ɗakin Inna. Ban taɓa ce mata ta raba ba, ita ma ba ta taɓa tambayata dalili ba.