Larabar da Na Faɗi da Gangan

Lokacin da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, babu wanda ke riga ni a tsere, mace ko namiji. Ba cika baki ba ne. Abin da Allah ya ba ni ke nan, tunda bai ba ni kan lissafi ba. Burina guda ne a duniya: a ɗauke ni zuwa gasar makarantu da ake yi a Kafanchan, in yi gudu a gaban mutanen gari, ko bokitin roba ne in ciyo in kawo wa mamata.

Ranar Laraba muke fita wasannin motsa jiki. Malamin wasanninmu saurayi ne mai usur rataye a wuya. Shi ya koya mana tseren miƙa sanda da tseren buhu da jan igiya, kuma muna son sa. Sai dai da zarar an fara tonon citta, hedimasta kan fito daga ofis ya tsaya gindin mangwaro, hannu a baya, yana kallonmu kamar mai zaɓen akuya a kasuwa. In an gama tsere har tafi yake mana.

"Na ɗaya zuwa na biyar, ku zo nan," in ji shi. "Yara mai ƙarfi ne nake so."

Daga nan sai gonarsa. Mu yi ta jidar citta a daro zuwa kan dutsen da ake shanya, sannan mu zauna tsaga ta da wuƙa har yatsunmu su ɗauki raɗaɗi, sauran 'yan aji kuwa suna can suna karatu. Ɗansa, wanda ajinmu ɗaya, ko ya shigo cikin biyar ɗin ba ya zuwa. Da na kai ƙarar hedimasta gida, babana ya ce, "Dattijo ne a cocinmu. Ki rufe baki, citta ba zai kashe ki ba."

To, yaro ba wawa ba ne. Tserenmu ya koma abin dariya: mutum ashirin suna gudu, kowa na waiwaye yana neman mai wuce shi. Wannan ya tsaya cire ƙayar da ba ta soke shi ba, wancan tari ya sarƙe shi. Ni na yi taurin kai mako uku, wuyana ya gaya mini gaskiya, na bi sahu. Malam ya yi ta busa usur yana cewa, "Yau na gaskiya ne, ku sa ƙarfi!" Ya san dalilinmu sarai, amma ko sau ɗaya bai buɗe baki a gaban hedimasta ba. Har yau wannan shirun nasa ya fi ci mini rai.

Wata Laraba sai ga mutum biyu a kan babur, ɗaya riƙe da littafi. Suka tsaya gindin mangwaro suna hira da hedimasta. Mu kuwa wa muka sani da babur da littafi a irin wannan lokaci, in ba masu sayen citta daga Kachia ba? Nan take raɗa ta bi layi: yau lodin buhuna za a yi. Malam ya ce yau na gaskiya ne, kamar yadda ya saba faɗa. Bai ƙara ko kalma a kai ba.

Aka busa usur. Ƙafafuna suka manta da shawarar da muka yanke, sai kawai na tsinci kaina a gaba ni kaɗai, ga layin toka na ƙarshen tsere saura taku kaɗan. Na hango mai littafin ya ɗaga biro yana kallona. Ban yi wata-wata ba na zube ƙasa, gwiwata ta goge da tsakuwa har jini. Ina kwance riƙe da ƙafa, a raina ina yaba wa kaina wayo, ɗan hedimasta ya wuce ni yana haki.

Sai da aka rubuta sunansa sannan aka gaya mana ko su wane ne baƙin. Masu zaɓen 'yan gasar Kafanchan ne, kuma mutum ɗaya suke ɗauka a kowace makaranta.

Na miƙe, na manta da ɗingishin, na ruga wajen Malam. "Don Allah, Sa, a sake! Da gangan na faɗi!"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da usur ɗinsa. Mai littafin ne ya amsa, yana hawa babur: "'Yata, wadda ta faɗi a nan da babu kowa, yaya za ta yi a gaban jama'a?"

Na yi kuka har na gode Allah. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan rana ba, kuma shekarun da suka wuce ba su rage shi ba.

Larabar da ta biyo baya, ɗan hedimasta yana Kafanchan. Muka jeru a fili za a fara tsere, hedimasta bai ma jira usur ba. Ya nuna ni da yatsa.

"Ke, mai faɗuwa. Na ga gudunka kafin ka kwanta. Je ka ɗauki daro."

Na je na ɗauka. Ko ɓawo ciwon gwiwata bai gama yi ba.