Daren da Darakta Ya Ci Abinci a Bayan Labule

A cikin shekaru talatin da ɗoriya da na yi ina aikin gwamnati, akwai wata Laraba da har yau ban manta da ita ba, ranar da saura ƙiris mu ɓarar da cinikin zoɓon manomanmu a wani ɗan gari na ƙasar Gwatemala. Ku yara da kuka shigo aikin bayanmu kun sha jin gutsattsarin labarin a bakin masinjoji, kowa da yadda yake ƙara masa gishiri. Ni ina wurin, kuma ta bakina kowace magana ta bi, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi.

A lokacin ina mataimakin jami'in kasuwancin amfanin gona a ofishinmu na Gumel. Aikin ofishin shi ne haɗa ƙungiyoyin manoma da masu saye daga waje, mu duba ingancin kaya, sannan Darakta ya sa hannu a takardar da ke tabbatar da cewa kayan sun cika sharaɗi. In babu wannan sa hannun, buhu ko ɗaya ba ya barin sito da sunan ƙungiya. Ni kuwa an sa ni cikin tawagar ne saboda harshe. Faransanci na tsince shi tun ina yaro a bakin fataken Damagaram, Larabci na ƙaro shi a Masar, Sifaniyanci kuma na samo shi a shekaru ukun da na yi ina karatun aikin gona a Kuba.

Mu uku muka tafi. Akwai Darakta, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda 'ya'yansa na nan da ransu. Akwai Alhaji Sale, shugaban ƙungiyar manoman zoɓo, mutumin wajen Ɗanzomo, wanda ya tsufa a cikin kasuwar Maigatari kuma bai taɓa hawa jirgi ba sai na aikin hajji. Sai ni. A shekarar dillalai sun karya farashi, manoman Gagarawa da na Sule Tankarkar suka ƙi sayarwa, suka tara zoɓonsu a sito a Maigatari bisa alkawarin Alhaji cewa zai samo mai saye. Damina saura wata biyu. Zoɓo kuwa da ya sha danshi jansa ya tafi, sai dai a ba awaki. Mai sayen da muka yi ta musayar wasiƙu da shi, wani dattijo ne da ake kira Don Chepe. Don ɗin nan laƙabin girmamawa ne a wurinsu, kamar yadda mu muke cewa Malam ko Alhaji.

Garin nasa bai kai Gagarawa girma ba. Da rana in ka shiga sai ka ce annoba aka yi: shaguna a rufe, karnuka kwance a tsakiyar titi, ɗan sanda ɗaya yana gyangyaɗi a gindin bishiya. Amma da rana ta faɗi sai garin ya farka gaba ɗaya. Akwai dandali a tsakiyarsa, coci ta gabas, ofishin magajin gari ta yamma, sauran ɓangarorin kuma duk ɗakunan sayar da abinci ne da suka fito da tebura da kujerun roba har kan titi. Mata na ta tafa wainar masara da hannu suna gasawa a kan faffaɗan kasko. Wasu tsofaffi uku sun jeru a kan wani dogon abin kiɗa na katako, irin balafon da na gani a Mali, suna ta bugun waƙa ɗaya tun magariba kamar an ɗora musu tara. Na ga daren Alƙahira, inda maza ke zama a gidan shayi har asuba suna gardamar siyasa. Na ga na Yamai, na kuma san namu na Gumel, inda mai shayi da mai tsiren bakin tasha ke tara direbobi da samari. Amma ban taɓa ganin garin da ke kwashe kansa kakaf, daga jariri har kakar kaka, ya fito titi ya ci abincin dare ba. Kuma abincin nan baƙin wake ne da safe, baƙin wake da rana, baƙin wake da dare, sai dai su sauya masa suna.

Mun isa ranar Litinin. Talata da safe muka je ofishin Don Chepe da fayil ɗinmu, muka tarar da wata sakatariya da fanka. Ta ce ai shi ba ya magana a ofis. Duk wanda zai yi ciniki da shi sai ya same shi da dare a ɗakin abincin ƙanwarsa, Donya Marta, su ci tare (Donya kuwa shi ne laƙabin girmamawa na mata). Ta ƙara da cewa, cikin sauƙin murya kamar mai faɗin yanayin gari, an taɓa yin wani Bature da ya ture farantin Donya Marta, har yau wasiƙunsa na nan a aljihun tebur ba a buɗe ba.

Da na fassara wa Darakta sai ya ɓata rai. Ya ce shi abin da yake tsoro man alade ne. Wannan kuwa magana ce mai kama hankali, domin da shi suke soya waken. Don haka da la'asar na tafi wurin Donya Marta na yi mata bayani. Mace ce gajera, kakkaura, mai kaifin baki. Ta saurare ni tsaf, ta aika aka sayo sabon kasko a gabana, ta nuna mini galan ɗin man da za ta yi amfani da shi, ta ce kifi za ta soya mana, waken kuma za ta dafa namu daban. Na komo na shaida wa Darakta an kawar da wannan matsala. Sai ya ce cikinsa ba ya son baƙon abinci. Na tuna masa tun Litinin ƙuli-ƙuli da shayi kawai yake sha a ɗaki. Nan ne gaskiyar ta fito.

"Malam Haruna," ya ce, "ni ma'aikacin gwamnati ne mai mataki na goma sha shida. Ubana bai taɓa tauna ko goro a bakin titi ba. Ka taɓa ganin mutumin kirki a Gumel ya baje a kan hanya yana cin abinci? Wannan ai aikin 'yan kamasho ne."

Na ce, ranka ya daɗe, daga nan zuwa Gumel jirgi uku muka hau, wa ya san ka a nan? Ya ce shi ya san kansa. A ƙarshe dai ya yarda zai je, amma ba zai ci ba.

Kada ku ɗauka ban fahimce shi ba. Ni ma a gidan da na tashi, dattijo a zaure yake cin abinci, in ma ya fita kasuwa da yunwarsa yake komowa. Abin da Darakta ya kasa ganewa shi ne, al'adar nan ba ta da biza, a filin jirgin Kano ya kamata ya bar ta.

Laraba bayan mun yi sallar isha'i a masauki muka fita. Darakta ya sa baƙar kwat da laƙtaye a cikin wannan zafi. Alhaji Sale ya zuba babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Don Chepe ya tarye mu a teburin da ya fi kowanne fitowa kan titi, ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, Darakta ya sandare kamar ana auna shi. Aka kawo kifi, da wake, da soyayyar ayaba, da wainar masara a lulluɓe cikin tsumma, da tulun zoɓo mai sanyi, domin su ma suna shan sa kamar mu. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya sa hannu. Shi da ya shekara arba'in yana cin dambu a tsugune a rumfar dillalai, kujerar roba ma ci gaba ce a wurinsa. Kafin a jima shi da Don Chepe sun fara hira da hannu da kai, ba su ma cika neman tafinta ba. Darakta kuwa ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya harɗe hannuwa, ya ɗora fayil a cinya.

Donya Marta ta fito da kanta ta tura farantin gabansa. Ya mayar. Ta sake turawa. Sai ya sa bayan hannu ya kauda shi gefe, irin yadda yake yi wa fayil ɗin da bai ga dama ba. Don Chepe ya ajiye cokalinsa, ya goge baki, ya tambaye ni me ke damun abincin ƙanwarsa.

Na yi tunanin in ce ba shi da lafiya, amma da na faɗi haka na san za su kira likitan garin, wanda ke zaune tebur biyu daga namu da cinyar kaza a hannu. Sai na faɗi gaskiya: a ƙasarmu babban mutum ba ya cin abinci a idon jama'a. Don Chepe ya juya ya nuna mini magajin gari yana suɗe yatsa, ya nuna limamin cocinsu da miya a gaban riga, ya nuna shugaban 'yan sanda. Ya ce in tambayi maigidana wanne ne ƙaramin mutum a cikinsu. Sannan ya ce shi ba ya sayen abin da mutane za su sha daga hannun wanda ke ƙyamar abin da shi Don Chepe yake ci. Ya fara laluben hularsa.

Ban kai ga fassarawa ba Alhaji ya gane, don ba ya bukatar Sifaniyanci kafin ya san mai saye zai tashi. Ya matsa kusa da Darakta, ya rage murya.

"Yallaɓai, ni na ce wa mutanen nan kada su sayar. Akwai wanda ya bar 'ya'yansa ba sabon kayan salla saboda maganata. In na koma hannu biyu, ni ba ni da fuskar shiga Ɗanzomo. In idon jama'a ne damuwar, a nema maka inda ba kowa, ka taimaka ka ci."

Darakta ya ce in an tanadi keɓantaccen wuri da ya dace da matsayinsa, zai duba. Na faɗa wa Donya Marta. Ta dube shi daga takalmi har laƙtaye, ta ce wuri ɗaya ne a gidan da ba a ganin mutum daga titi. Ta ɗauki farantin, ta ɗaga labulen da ke bayan kanta, ta yi masa nuni ya shige.

Na bi su don in ga inda za a ajiye shi. Bayan labulen nan madafa ce. Can ƙurya, tsakanin tukunyar gas da buhunan masara, akwai ɗan benci inda masu wanke-wanke da direbobin baƙi ke cin nasu. A lokacin ma direban Don Chepe na zaune yana ci, ya matsa masa. Darakta ya dubi labulen, ya ga lallai ya rufe, ya gyara kwat ya zauna. Ya sallame ni da hannu. Ina fita na ji Donya Marta na gaya wa yayanta Don Chepe cewa da tun farko mun faɗa mata direbanmu mai kunya ne, da ba a yi wannan dogon zance ba. Wannan jimlar ban fassara ta ba, kuma ita ce ta farko da na taɓa dannewa a duk aikina na tafinta.

Bayan kamar rabin awa faranti ya fito a suɗe, aka sake mayar da shi a cike. Don Chepe ya ga haka, ya ajiye hular. A kan teburin nan, cikin ƙarar kiɗan tsofaffin, shi da Alhaji suka buɗe samfurin zoɓon da muka zo da shi, suka murza, suka jiƙa a kofi, suka daidaita a kan ranar lodi. Da Darakta ya fito yana sakace, aka miƙa masa takarda ya sa hannu. Don Chepe, wanda ya hau kan maganar ƙanwarsa, ya ɗan yi mamakin ƙasar da direba ke sa hannu a takardar ciniki, na ce masa tsarin aikinmu ne haka. An kwashe zoɓon daga Maigatari kafin ruwan farko.

Da muka dawo, Darakta ne ya rubuta rahoton tafiya, ni na buga. A sakin layi na huɗu ya ce, bisa la'akari da matsayinsa, masu masaukin sun karrama shugaban tawaga da keɓantaccen ɗakin cin abinci, yayin da sauran wakilai suka zauna a waje tare da talakawan gari. Ya kuma ba da shawarar a riƙa koya wa wakilan manoma ladabin tafiya ƙasashen waje kafin a fita da su. Haka na buga, ban sauya ko waƙafi ba, rahoton na nan a fayil ga mai son dubawa.

Abin da na koya a wannan tafiya shi ne, a aikinmu takarda ita ce ta ƙarshe, mutane sai sun gama auna ka kafin su karanta ta, kuma kowane gari da inda yake auna mutum. Wani a ofis, wani a masallaci, wani a bakin faranti. In aka tura ku, ku fara tambayar inda ake zama kafin ku tambayi inda ake sa hannu. Sannan ku riƙa tunawa cewa matakin albashinku a cikin ofis ɗinmu kawai ake ganinsa. Darakta ya yi ritaya da girmansa cif, har ya rasu bai san da wa ya zauna a benci ba. Alhaji Sale kuwa ya sani, don na gaya masa a jirgi, kuma duk lokacin da suka haɗu a taro sai ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ya huta gajiyar tuƙi.