Akushin Kawu Ilu a Cikin Gilashi

Sabuwa, ranar Talata

Ana sallame sallar Asuba na murza kekena zuwa tasha. Ni gurgu ne tun ina yaro, shan-inna ce ta kama ni, kuma gyaran waya nake yi a bakin kasuwar Sabuwa. Direba ya dube ni ya dubi keken, ya ce sai na biya kuɗin kujera biyu. Na ce masa keken ba ya zama a kujera, a saman mota yake kwanciya. Muka yi ta ja har fasinjoji suka sa baki, aka tsaya a kan kujera ɗaya da rabi. Ƙarfe shida da kwata muka tashi, don yanzu ba mai barin garin sai gari ya waye sarai.

Abin da ya fito da ni shi ne Kawu Ilu, yayan mahaifiyata da ke Ruwan Godiya. Masassaƙi ne na ji da gani, amma shekara tara ke nan da rasa idonsa. Wani malamin makaranta ya gane wani akushi da Kawu ya sassaƙa a wani gidan adana kayan fasaha a birnin Katsina, ya zo ya ba shi labari. Tun ranar Kawu bai da magana sai ta akushin, so yake ya ɗora hannu a kansa ko sau ɗaya ne. Ni kuma da bakina mai sauri na yi masa alkawari, ban san ko za a bar shi ya taɓa ba. In aka hana, na ɗauko tsoho na bi da shi hanya mai haɗari a banza ke nan.

Ruwan Godiya da Ƙanƙara

Hanyar Dandume ta girgiza mu yadda ta saba. Mun shiga Funtuwa takwas da rabi, na karya da koko da ƙosai, na canza mota zuwa Sheme ta ƙasar Faskari. Shinge uku muka wuce. A na biyun wani jami'i ya leƙo, ya hango keken a sama, ya tambaya ina mai shi. Da na ɗaga hannu sai ya zaro canji zai miƙo mini sadaka. Na yi masa godiya, na ce ya riƙe, in wayarsa ta lalace ya neme ni.

Sha ɗaya saura na isa gidan Kawu. Na same shi zaune a kan tabarma cikin rigar sallarsa, ashe tun hantsi ya shirya. Inna Delu, matarsa, ta ja ni gefe ta ce in na san ba za a bar shi ba gara in faɗa yanzu, don ba ta son ya dawo da baƙin ciki. Na ce mata komai ya kammala, alhali ni ma ban tabbata ba.

Bayan Azahar muka samu motar Ƙanƙara. Daga Ruwan Godiya har muka wuce Mabai ba wanda ya yi hira, kowa idonsa na kan daji. Kawu kaɗai ke tambaya ko dawa ta yi kyau bana. Uku da minti goma muka shiga Ƙanƙara, muka sauka gidan wani abokin sana'ata. Matarsa ta yi mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, Kawu ya ci kaɗan ya tsame hannu.

Katsina, ranar Laraba

Bakwai muka tashi, muka bi ta Dutsin-ma, goma da rabi muna ƙofar gidan adana kayan fasahar. Matakala na fara hangowa, guda bakwai, na ce shi ke nan yau sai an ciccibe ni kamar buhun masara. Sai mai gadi ya nuna mini gefe, ashe sun zuba gangaren siminti da ƙarfen dafawa. Na murza kekena na hau da kaina, Kawu na riƙe da bayan keken. Wallahi daɗin da na ji ba kaɗan ba ne.

Wata ma'aikaciya, Malama Hadiza, ita ke kula da baƙi irinmu. Ta kama gefen sandar Kawu tana yi masa bayanin kowane zane da baki, launinsa da girmansa, ba ta gaggawa. Sannan ta kai mu wani tebur da suka jera kwaikwayon kayan da ke cikin gilashi, don makafi su shafa. Ta ɗauko akushi ta sa masa a hannu, ta ce ga irin nasa.

Kawu ya zagaya bakinsa da yatsa, ya ƙwanƙwasa gindin, ya sunsuna, ya ajiye.

"Ɗiyata, wanga ba nawa ba ne. Icen mangwaro ne, kuma wanda ya yi shi sauri yake."

Ta yi masa bayani cewa na ainihin yana cikin gilashi, doka ta hana taɓawa. Na fara zuba magana, tun daga Sabuwa har shingaye, har ta ɗaga mini hannu ta tafi ta kira shugaban gidan. Shugaban ya saurare mu, ya ce zai buɗe, amma sai Kawu ya sa safar hannu. Aka sa masa. Ya murza yatsunsa a ciki, ya cire ta ya miƙa.

"Alhaji, kamar a ɗaure maka ido ne a ce ka duba. Ku ba ni ruwa in wanke hannu, ya fi."

Shugaban ya sa aka kawo buta da sabulu. Aka buɗe gilashin. Kawu ya rungumi akushin a cinyarsa, baƙi wuluk, yana bin zanen murfin da yatsa yana faɗa mana abin da ke gaba kafin ya kai wurin. Ni dai hawaye na yi, ban ɓoye ba. Can sai yatsansa ya tsaya a ciki, ya tambaya yaushe rabon da a shafa masa man kaɗe. Shugaban da Malama Hadiza suka dubi juna. Kawu ya ce ga tsaga nan ta faro, sanyin na'urar ɗakin na busar da icen, in aka bar shi zai rabe biyu. Sai da Malama Hadiza ta haska fitilar waya suka gan ta, siririya kamar gashi. Nan take shugaban ya jawo kujera ya zauna kusa da Kawu da biro da takarda, yana rubuta yadda ake shafa man. Ya cire katin da aka rubuta ba a san masassaƙin ba, ya tambayi cikakken sunan Kawu da garinsu.

Komawa, ranar Alhamis

Mun kwana a Katsina gidan wani ɗan'uwa, muka kamo hanya bakwai da rabi. Azahar ta yi mana a Ruwan Godiya. Inna Delu ta tare mu a zaure tana duban fuskata don ta gane yadda aka yi. Kawu bai bari na buɗe baki ba.

"Delu, ina kika aje mani gizagona? A kai a wasa shi. Abin da suke ba makafi su taɓa can bai yi ba, na ce masu ni zan sassaƙa wani."

Inna ta juya ta shige ɗaki, muna jin ta tana jan kaya daga ƙarƙashin gado.

Biyar da rabi na shiga Sabuwa lafiya. Na gode wa Allah da ya tsare mana hanya, na gode wa Malama Hadiza da wanda duk ya zuba simintin nan. Icen maɗacin da Kawu ya ce in nemo masa kuwa, na riga na yi magana da masu shiga daji.