Kyanwar Roosevelt Island ta fi ni ɗaki

Yau da safe na kai kaya tsibirin Roosevelt Island, sai ga kyanwoyi kwance cikin ’yan gidajen katako, kowacce da bargonta, suna kallon kogi.

Ni kuwa mu huɗu ne ɗaki ɗaya a titin Grand Concourse, kuma an ce mu tashi ƙarshen wata.

Wata tsohuwa da ke ciyar da kyanwoyin ta ce, "Da can fursunoni da masu agana ake kawowa tsibirin nan, waɗanda birni ba ya so."

Na ce, "Mama, ni ma ba ya so na. Akwai gurbi?"

Ta leƙa bayana ta ce, "Ina jelarka?"

Jama’a, wa ya taɓa kishi da kyanwa? Ni dai na yi, a gaban abokin aikina Sani.