Kujerar Gaba a Motar Yaya

Ni fa ba ni na kai kaina ba, jawo ni aka yi. Ina ruwan biri da gada? Mutumin da ko takardar cikin kwalin magani ba ya karantawa, me ya haɗa shi da kyautar marubutan duniya? Amma haka aka tsoma ni ciki tsundum, kuma duk yaron nan ne ya ja, ɗalibin Yaya.

Bari ku ji yadda muke. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, malamin adabi ne a wata jami'a a nan Kuala Lumpur. Shi ya ɗauko ni daga Kano wai in karanta kwamfuta. Har gobe sunana yana makarantar, ni ne dai ba kasafai nake can ba. Inda na yi fice shi ne kai wa ɗaliban unguwarmu Bukit Jalil tapau, wato abincin sayarwa a kula, na Anti, matar Yaya: masa, tuwo da miyar kuka, dambu ran Asabar. A wannan fannin kam ko farfesa sai dai ya biyo bayana.

Yaya ba mai yawan magana ba ne a gida. Daga aji sai ɗakin littattafai, wanda kuma nan ne ɗakin kwanana, ni da katifata a tsakiyar takardu kamar ɓera. Amma ran Juma'a wani mutum yake zama daban. Zai ɗauke mu a mota, ni da yaransa biyu, mu je salla Kampung Baru, in an idar mu zauna makan, wato cin abinci, a kawo nasi lemak, shinkafar nan mai kwakwa, da shayi mai kumfa. Kujerar gaba tawa ce. A wannan hanyar ne kawai yake tunawa ni ƙanensa ne. Zai ce, "Ka kira Hajiya kuwa?" Zai ba ni labarin yadda ya taɓa goya ni ya kai ni kallon ƙwallo na yi masa fitsari a baya. Mu yi ta dariya har yaran su ce mu fassara musu, don su Hausar sai a hankali.

Sai ga wannan yaro ya sauka daga Zariya, wai digiri na biyu. Tabarau, riga a goge kamar za a ɗaura masa aure, kowace jimla sai ya sa mata "Malam" a gaba da baya. Wata Juma'a na fito ina gyara hula, na tarar da shi a kujerata, har ya ɗaura bel.

Yaya ya ce, "Shiga baya mana, akwai maganar da muke yi."

Na shiga. Ƙaramin ɗan Yaya yana ta ture ni da gwiwa yana ce mini in matsa lah, irin maganar 'yan garin nan. Maganar da suke yi ɗin nan ba ta ƙare ba ranar, ba ta ƙare ba Juma'ar da ta biyo, haka na zama ɗan baya. Abin da ya fi ƙona mini rai, ran nan da kunnena na ji Yaya yana nuna wa mai nasi lemak ɗalibin yana cewa adik ɗinsa ne, wato ƙanensa. Ni ina tsaye a gefe riƙe da takalman yara.

To, akwai babbar kyautar nan da Turawa ke ba marubuci ɗaya duk shekara. Al'adar Yaya ce in ta matso ya tara abokansa a falo, kowa ya faɗi wanda yake ganin za a ba. Yaya yana da wani dattijo da yake zaɓa kullum, kullum kuma ba a ba shi, kamar mai goyon ƙungiyar unguwa. Ɗalibin ya gyara tabarau ya zaɓi wata mata mai rubuta waƙoƙi, ya kawo dalilai har shayinsa ya huce. Ni na shigo ne kawai da farantin masa.

Yaya ya ce, "Kai fa shugaban 'yan tapau, wa ka zaɓa?"

Kafin in buɗe baki yaron ya ce, "Malam a ƙyale shi Malam, in ba ƙwallo ba ce ai ba a shigo gonarsa ba."

Aka yi dariya. Har Yaya.

Na ajiye farantin a hankali na ce, "In na faɗa daidai fa?"

"Ka faɗi abin da kake so," in ji Yaya.

"Kujerata."

Aka sake kwashewa da dariya. Yaya ya ce, "Boleh, na yarda. Amma kafin a sanar za ka faɗa."

Washegari na nufi kedai, wato shagon wani abokina ɗan Edo mai gyaran waya, mutumin da ya san cacar ƙwallo kamar yunwar cikinsa. Na ce masa marubuta nake nema. Ya dube ni ya ce, "Aboki, you don craze?" Amma ya lalubo a wayarsa. Ashe Turawan nan ba abin da ba sa caca a kai. Ga sunayen marubuta a jere kamar teburin gasar ƙwallo, kowa da lamba a gabansa, ita suke kira od. In lambar ƙarama ce, mutane da yawa sun zuba kuɗi a kanka. In babba ce, ba mai kallon ka.

Zan ɗauki na saman, ya buge mini hannu. Ya ce na sama na 'yan kallo ne, kowa sunan da ya taɓa ji yake bi. Wanda za ka sa wa ido shi ne wanda yake can ƙasa ba ruwan kowa da shi, sai ana gab da sanarwa ka ga lambarsa tana zubowa kamar farashin tumatir da kaka. Wannan, in ji shi, wataƙila wani ne ya ji ƙishin-ƙishin ya ruga ya zuba kuɗi. Wataƙila kuma mahaukaci ne mai kuɗi. Allah ne masani.

Haka na koma mai gadin marubuta. Ina cikin jirgin LRT da kulolin Anti ina leƙa waya, ina jiran lif ina leƙawa. Mutanen da ban san ko suna da gemu ba, na san wanda ya hau da wanda ya sauka. Ran Alhamis ɗin da za a sanar, da hantsi, sai ga wani ya taso daga can ƙasa yana tsallake mutane. Sunansa kamar an watsa tsakuwa a kwanon sha. Na yi ta maimaita shi a lif har wata tsohuwa 'yar China ta matsa gefe.

A nan ana sanarwar ne daf da magariba. Falo ya cika, an kunna kwamfutar Yaya. Na faɗi sunan kafin a fara, na ɓata shi iya ɓatawa, sai da Yaya ya gyara mini. Ɗalibin ya yi murmushi ya ce, "Babban marubuci ne, amma ba bana ba." Sai wani Bature ya buɗe ƙofa ya fito ya karanta takarda. A duk surutunsa kalma ɗaya na gane, tsakuwar nan tawa.

Na daka tsalle na ce, "Gol!"

Yaya ya riƙe baki. "Kai, a ina ka samo shi?"

Na faɗa musu. Yaron ya ce, "Subhanallahi, Malam, ai wannan caca ce."

"Ka sa kuɗi?" in ji Yaya.

"Ko sisi. Leƙe kawai na yi. Leƙen ma ta taga."

Yaya ya girgiza kai yana dariya, ya ce kar in ƙara, kujera kuma na ci. Daga nan ya shiga ɗakina ya fito da wani littafi mai kauri, koren bango. Wallahi na san littafin nan. Wata da watanni da shi nake jingine wayata in ina kallon ƙwallo. Ashe na mutumina ne. Yaya ya buɗe wani shafi ya miƙa wa yaron, shi kuma ya ce, "Wajen da uban ya dawo gida bai gane ƙofarsa ba, Malam?" Yaya ya ce, "Nan fa! Nan fa!" Har aka tayar da salla suna kai.

Ran Juma'a na riga kowa fita. Na sa farar shaddata, na zauna a gaba, na ɗaura bel, na zuge gilashi don yaron ya gan ni da kyau. Ya gaishe ni cikin ladabi ya shiga baya wajen yara. Na ce yau zai san gwiwar ƙaramin nan.

Ba mu fita daga layinmu ba Yaya ya gyara madubin tsakiya, ya saita shi daidai fuskar yaron. "Kana ganin me ya sa bai ba uban suna ba?" Shi ke nan. Daga Bukit Jalil har Kampung Baru magana tana wucewa ta saman kafaɗata, ta je baya ta dawo. Na yi gyaran murya na ce, "Yaya, jiya na kira Hajiya." Ya ce, "Madalla," idonsa a madubi. Na ce, "Ni fa na faɗi mutumin nan." Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Duba mini hagun nan, akwai mai babur?" Aikin da aka ba ni ke nan a kujerar da na ci da gumina.

Da muka dawo ko hula ban cire ba na faɗa kicin. Anti tana juya masa a tanda.

Na ce, "Anti, don Allah ki yi mana alƙalanci. Wa ya faɗi wanda zai ci?"

"Kai."

"Shi mai tabarau ya faɗa daidai?"

"Bai faɗa ba."

"Yaya da duk digirorinsa?"

"Shi ma bai faɗa ba. Miƙo mini man can."

Na miƙa mata. "To me ya sa har yanzu shi ake kallo a madubi? Da bakinsa fa ya ce ba bana ba. Ni na kawo musu mutumin nan tun kafin Baturen ya buɗe ƙofa!"

"To ka karanta littafin mana. Ba a ɗakinka yake kwana ba?"

"Anti, kin ga kaurinsa kuwa? Kuma ni ba karatu aka ce in yi ba, cewa aka yi in faɗa, na kuma faɗa. A ƙwallo wanda ya ci shi ake ɗagawa sama. Ina laifin a ce..."

Ta kwashe masar ta zuba a kula, ta rufe, ta ɗora mini a hannu.

"Ɗan ƙanena, mai kawo albishir ɗin haihuwa goro ake ba shi, ba a miƙa masa jaririn. Ka ci goronka. 'Yan hawa na tara suna jira, kuma ba sa son ta huce."